Inuwa Biyu a Kan Sawun Barewa

Hoton ya faɗo kan tabarma daidai gaban gwiwar Zulaiha, ya kife. Ko ba ta juya shi ba ta san shi. Ita da kanta ta kai shi wanki Madawa ranar Asabar, shi da wasu guda biyu, don ta manna su a bangon ajin da take koyarwa a nan Keita.

"Juya shi," in ji Baba Alhassan, yayan mahaifinta. "Juya ki hwaɗa muna abin da ke ciki."

Ta juya. Rairayi ne mai ja-ja, da sawun kofato ƙanana a jere. Amma daga ƙasan hoton wasu dogayen inuwoyi biyu sun miƙe sun kwanta a kan sawun. Ɗaya mai lulluɓi ce, ta ɗaga gwiwoyin hannu kamar mai riƙe da wani abu a fuska. Ɗayar kuwa malfa ce a kanta.

"Sawun barewa ne, Baba."

"Barewa tana sa malfa?"

Ta sake duban hoton.

"Inuwar wa ce?"

"Ta Mahfuzu ce."

Baba Alhassan ya juya ya dubi ƙanensa, Malam Hamisu, wanda ke zaune gefe yana jan tasbaha, idonsa a ƙasa.

"Ka ji da kunnenka ko, Hamisu? Ɗiyarka, malamar lakwal, da ɗan mahalba, jikan Azna marasa salla, su biyu rak cikin daji tun rana ba ta yi tsawon mashi ba. Yaron kirki, Abdurrazak, ya aiko da toshi an amsa, ita kuwa tana can bayan duwatsu."

"Ba mu biyu ba ne," in ji Zulaiha. "Innarshi tana nan. Inna Baraka ta zauna bisa dutse, gwiwarta ke ciwo, shi ya sa inuwarta ba ta hito ba."

"To, uwa ta shedi ɗanta kenan." Ya yi wata ƴar dariya marar daɗi. "Gobe bayan La'asar Abdurrazak zai zo, shi ya san kan injin ga. Ki kawo kyamarar da duk abin da ke cikinta, shi sa a na'urarshi mu gani gaba ɗaya. In tsohuwar tana ciki, sai mu ga yadda za a yi. In babu, kin gama zancen ɗan mahalba har abada, kuma sa rana ba ta wuce watan ga."

Mahaifinta bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi duk maganar yayansa yi mata ciwo.

Tsohuwar tana ciki. Nan matsalar take.

Wata takwas kenan da Zulaiha ta sayi kyamarar. Abin ya samo asali ne ranar da ta tambayi yaran ajinta ko wa ya taɓa ganin barewa, yara hamsin da huɗu suka zuba mata ido, sai wani ya ce ya gan ta a bayan kwalin ashana. Zakin da ke littafinsu da giwar da ke littafinsu duk na wata ƙasa ne. Ta yi niyya a ranta sai ta kawo musu dabbobin dajinsu, ko da a takarda.

Mahfuzu ta tambaya, don shi ne ke rakiyar baƙin furoje, wato ma'aikatan shirin raya karkara, in sun zo ɗaukar hoton tsuntsaye, ya ga kyamarori iri-iri a wuyan mutane. Aikinsa na yau da kullum renon ƴaƴan itace ne a bakin gari. Kakansa Sarkin Baka ne, mahaifinsa ya rataye bindiga tun kafin ya rasu, shi kuwa bai taɓa harbin komai ba, amma ƙafa da ido da hanci na gidan duk ya gada.

Abu huɗu ya sa ta rubuta a bayan takardar jarrabawa. Ta zama marar nauyi, wadda za ta iya riƙewa awa guda hannunta bai yi rawa ba. Ta zama mai janyo nesa da kanta, ba sai an cire ido an ɗaura wani ba, domin duk buɗewa ƙasa ce za ta shiga. A iya kashe mata murya. Sai batir biyu, ko da za ta rage kuɗin jaka.

Da wannan takarda ta shiga shagon Abdurrazak a bakin babban titin Madawa. Ya karanta, ya yi murmushi, ya sauko mata da wata baƙar kyamara mai ido kamar taɓarya.

"Madam, wagga ita ce ta manya. Waccan da anka rubuta miki ta yara ce."

Ta ɗaga ta da hannu biyu, ta kai ido. Kafin ta ƙirga ashirin shagon ya fara lilo a cikin gilashin.

"Ni ma yarinya ce a aikin," ta ce. "Ba ni ta yaran."

Ta hannu ce, gefenta ya ɗan goge, tana janyo abu ninki sittin. Albashinta na wata biyu ta zuba. Bayan sati uku sai ga babbar kyamarar nan ta iso gidansu a cikin kwali, da turmin atamfa biyu da turare, an ce daga Abdurrazak. Baba Alhassan ne ya amsa, ya sa albarka. Tun ranar kwalin yake bisa kabad a ɗakin Inna, mahaifiyarta, ba wanda ya yanke salatif ɗinsa. Zulaiha ta sani, ranar da ta rataya wannan kyamara a wuya, gari duka zai ce ta amsa.

Ƙaramar kuwa ta sha daji. Kowace Lahadi da sassafe su uku suke fita, ita da Mahfuzu da Inna Baraka mai tsintar ganyen magani. Ya koya mata ta ɗebi ƙasa ta saki don ta ga inda iska ta nufa, ta kuma bi dabba ta inda iskar ke bugun fuskarta. Ya hana ta turare da farin mayafi. Ya koya mata ta manne gwiwoyin hannu a haƙarƙari, ta danna maɓallin rabi har ido ya kama, ta riƙe numfashi, sannan ta ƙarasa. Hotunanta na farko duk reshe ne da wutsiya. Zabin daji sun yi mata dariya wata biyu. Daga baya ta sami tuje, ta sami yanyawa a bakin raminta, ta sami gauraka biyu suna rawa.

Ya kuma ce mata kullum ta sa rana a bayanta, don haske ya faɗa kan dabba. Wannan ta riƙe da kyau. Abin da ba ta koya ba shi ne ta duba ƙasan gilashin, inda rana ta safe ke shimfiɗa inuwar mai ɗauka.

Ranar barewar, Inna Baraka ce ta tsayar da su tun kafin su hau tudun. Ta kama hannun Zulaiha ta riƙe.

"Ɗiyata, inda za mu, uwa ce da ɗanta ke shan ruwa. A gidanmu an kashe nama ba iyaka, amma ba a taɓa hwaɗin inda mai shayarwa ke sha ba. Ko ga miji ba a hwaɗi. Injin naki yana da baki?"

"Sai in na buɗe mishi, Inna."

"To ki yi min alkawari."

Ta yi.

Sun ga barewar. Ta ɗauke ta a kusa, ido da kunne da ɗan da ke labe a ƙafarta, ba abin da ke baya sai ƙaya. Bayan sun tafi, murna ta sa ta mayar da idon kyamarar baya ta ɗauki wurin gaba ɗaya: ga Inna Baraka zaune bisa jerin duwatsu da ƙwaryarta, ga Mahfuzu tsaye da malfa, ga kwarmin ruwan, ga sawun a rairayi. A bayansu kuma ga wani dutse mai tsaga biyu, wanda duk makiyayin da aka nuna wa zai ce, ai wuri kaza ne.

Abdurrazak kuwa kowa ya san da wa yake hulɗa. Manyan baƙi ne daga birni, masu motocin kat-kat na shiga daji da bindigogi masu madubi. Barewa biyu ke ɗaure a gidansa na Madawa don ado, ta uku ta mutu bara. Mai wankin hoto abokinsa ne. Zulaiha ba ta san wanne ya fi ja masa rai ba da ya ga hotunan nan, inuwar ko sawun.

Da ta shiga ɗaki ta tarar da Inna tana tsince wake a faifai, hawaye na sauka cikin waken.

"Ki nuna musu, Zulai."

"Na yi alkawari, Inna."

"Ga wa? Ga tsohuwar da ko gaisuwar Babanku Alhassan ba ta samu? Ni na haihe ki. Jiya wurin suna ina shiga mata sunka yi tsit. Kin san irin shirun ga? Ƙannenki mata biyu suna bayanki, su wa zai nema in an ce yayarsu ta bi namiji daji?"

Zulaiha ta durƙusa ta riƙe gefen faifan.

"Inna, kin yarda ban yi komi ba?"

"Na yarda. Yardata mi za ta yi miki? Ni ba a tambayata."

"In na nuna, kahin Juma'a an kashe uwar, an ɗaure ɗan da igiya a gidan wani."

"Dabba ce, Zulai. Dabba. Allah ya halatta ta."

"Ya halatta. Amma bai halatta min in ce zan riƙe amana in sake ta ranar da ta yi nauyi ba."

Inna ta share fuska da bakin zane, ta dubi kwalin da ke bisa kabad.

"Taurin kan ga ba nawa ba ne," ta ce. "Na kakarki Hasana ne. Ita ma haka ta ƙare, kowa na tahiya tana tsaye."

Washegari da aka tashi tara, Zulaiha ta bar yara wurin wata malama, ta nufi gandun renon itace. Ba ta ɓuya ba. Ta tsakiyar kasuwa ta bi, kyamarar a rataye a wuyanta, duk wanda ya kalle ta sai ta gaishe shi da sunansa.

Mahfuzu yana durƙushe yana cika ƴan ledoji da ƙasa. Ya ga ta, ya miƙe, ya kakkaɓe hannu, ya tsaya nesa da ita kamar taku biyar, don mata masu ban ruwa suna nan.

"Na ji," ya ce.

"Gari duka ya ji."

"Laihina ne. Ni na ce ki sa rana a baya, ban ce ki duba ƙasa ba."

"To malam, darasin ya zo a makare."

Bai yi dariya ba. Idanunsa sun yi ja, kamar wanda ya kwana yana gardama da kansa.

"Zulaiha, ki nuna hoton."

Ta dube shi kamar ba ta ji ba.

"Ki nuna. Ni zan tahi in kori barewar da ɗanta daga wurin, in tada su su yi arewa."

"Su sha mi a arewa? Kai ka ce min duk kwarmin da ke can ya ƙahe, kuma ɗan bai kai tahiyar yini ba."

Ya kau da kai.

"To a yanke hoton. A bar huskar Innata kaɗai."

"Abdurrazak shi ce a ƙohwar gidanku na ɗauke ta. Sawun da dutsen su ke nuna wuri guda ne. Na juya shi ta ko'ina, Mahfuzu. Abin da zai wanke ni shi ne zai kashe su."

"To su mutu." Muryarsa ta karye. "Na hwaɗa. Su mutu. Shekara uku ina bin su, na san uwar tun tana ƙarama, amma ba zan tsaya ina kallo a ɓata miki suna saboda ni ba. In an raba mu, ni da barewar mi za mu yi wa juna?"

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Kana ganin ban so in aure ka ne? Ba abin da nike so ya hi shi. Amma in na shigo gidanku ta wagga hanya, da wane ido zan dubi Inna Baraka kullum sahe? Ta kama hannuna. Ta nuna min abin da ba ta nuna wa matan ƴan'uwanka ba."

"Ni na yahe miki alkawarin."

"Ba kai na yi wa ba."

"Innata ma za ta yahe. Jiya ta ce in an matsa miki ki buɗe."

"Ta hwaɗa don tana tausayina. Mai tausayi ai komi sai ya bari. Barewar ta yahe?"

Wata mata ta wuce tsakaninsu da bokiti, ta yi kamar ba ta ga kowa ba.

"To mi za ki yi?"

"Ban sani ba tukuna. Abin da ba zan yi ba shi na sani."

Ta juya. Ya kira sunanta a hankali, ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Ki canja batir," ya ce. "Wanda ke ciki tun Lahadi ne."

Ta yi dariya cikin kuka, ta tafi.

Bayan La'asar aka shimfiɗa tabarmi biyu a zaure. Farar motar Abdurrazak ta tsaya a ƙofar gida, ya shigo da shadda ruwan toka da na'ura a hammata, ya durƙusa har ƙasa ya gaida manya. Mutum ne mai ladabi, wannan ba a ƙwace masa. An sauko da kwalin toshin ma an ajiye gefe, bisa umarnin Baba Alhassan, don kowa ya tuna inda magana ta tsaya. Inna tana bayan labule.

"Madam, ina wuni," in ji Abdurrazak. "Wallahi ban so abin ya kai haka ba. Ciro ɗan kart ɗin da ke ciki kawai, minti biyu an gama, kowa ya huta."

"Lahiya lau. Ba zan ba ka ba."

Baba Alhassan ya ɗago.

"Mi kinka ce?"

"Na ce ba zan ba shi ba, Baba. Shi ba ubana ba ne, ba mijina ba ne. Hoton da na kai wanki ma ban san ta yadda ya zo hannunshi ba."

Abdurrazak ya gyara zama.

"Don kare mutuncin gidan ga na yi."

"To na gode. In tambaye ka abu guda, gaban su Baba? In ka ga wurin, ka rantse ba ka kai kowa?"

Ya yi murmushi, ya dubi Baba Alhassan.

"Baba, ka ga ana zancen aure tana zancen nama."

"Ka rantse?"

"Daji na Allah ne, Madam. Ba a rantsuwa kan daji."

"To ka ji dalilina."

Baba Alhassan ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ke, ba a kira ki ki yi wa mutane alƙalanci ba. Ko ki miƙa, ko mu ɗauka babu kowa cikin hoton sai ke da shi. Zaɓi."

Abu ne mai sauƙi mutum ya yi taurin kai a gaban wanda ba ya so. Mai wuyar shi ne a gaban wanda ya goya ka, kuma mahaifinta yana nan zaune, tasbaha ta tsaya cak a hannunsa. Ta ja gwiwa ta matsa gabansa.

"Baba, kai ne ubana. In akwai wanda ke da hakkin ya san inda na sa ƙahwa, kai ne. Zan nuna maka, kai kaɗai. Amma an ba ni amanar wurin, ba zan iya ba ka ba sai ka ɗauke ta tare da ni. In ka gani, ba ka hwaɗa wa kowa. Ko Baba Alhassan."

"Ji min rashin kunya," in ji Baba Alhassan. "Ɗiya ke gitta wa ubanta sharaɗi."

Ita ma ta san abin da ta yi. Inna Baraka ta ce ko ga miji ba a faɗa, ga shi za ta nuna wa uba. Ko cika alkawari ne wannan, ko karya shi ne da ladabi, ba ta da tabbas. Abin da ta sani, a duk Keita ba a taɓa jin maganar da aka ba Malam Hamisu ajiya ta fito ba.

Mahaifinta ya ɗago ya dube ta.

"In na ƙi fa?" ya ce. Ita ce maganarsa ta farko tun jiya.

"Sai in goge shi nan gabanku, ku yanke min abin da kunka ga dama."

Ɗan yatsanta yana kan maɓallin. Ya ga hakan.

"Kawo," ya ce. "Na ɗauka."

Ta kunna, ta nemo hoton, ta kare gilashin da tafin hannu ta miƙa masa. Ya ciro tabarau daga aljihu ya sa. Ta nuna masa da farce: ga Inna Baraka, ga ƙwaryarta, ga rana da awa a rubuce a ƙasa, daidai da na hoton sawun. Ya gyaɗa kai. Ta kai hannu za ta karɓa, sai ya riƙe.

Ba tsohuwar yake kallo ba. Abin da take zaune a kai yake kallo.

"Ana iya matso da nan?" ya ce a hankali.

Ta murza masa. Jerin duwatsun ya cika gilashin, baƙaƙe, an jera su ɗaya bisa ɗaya sun bi gindin tudu, ciyawa ta fito ta tsakaninsu. Ya sa ta ja gefe, dutse mai tsaga biyu ya bayyana, itatuwan ƙaya sun kewaye shi har sun kusa rufe shi.

Malam Hamisu ya ƙara matso da gilashin kusa da idonsa.

Zulaiha ta san labarin, amma ba ta taɓa sanin wurin ba. Bayan babbar yunwa, lokacin da maza suka watse ci-rani, Baba Alhassan ma ya yi bakin teku, mata ne suka ɗauki duwatsu a ka suna jera su a tuddai don a tare ruwa, ana biyansu da abinci. Kakarta Hasana tana cikinsu, da ɗanta Hamisu, wanda ya ƙi tafiya ya bar ta.

"Ko tsinke babu a wurin," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ƙasa kamar bayan tukunya. Muna dasa itace ana muna dariya." Ya ɗago kai. "Ina barewar?"

Ta danna baya sau biyu. Uwar ta fito, kunnuwa a tsaye, ɗan yana labe a ƙafarta.

"Rabona da ganin barewa tun ina ɗan shekara goma sha biyu," ya ce.

"Hamisu," in ji Baba Alhassan, "muna jiranka."

Malam Hamisu ya cire tabarau, ya goge ido da babban yatsa, ya miƙa wa ɗiyarsa kyamarar. Ta kashe ta.

"Tsohuwar tana ciki, Yaya. Rana guda, awa guda, wuri guda. Ɗiyata ba ta yi ƙarya ba."

"To mu gani."

"Na gani ya isa."

Abdurrazak ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Alhamdu lillahi, Baba, haka muke so. Sai dai don zukata su kwanta, ko sunan wurin a hwaɗa, a san ba wani mugun wuri ba ne."

"Na san wurin," in ji Malam Hamisu. "Na hi kowa saninshi. Ba zan hwaɗa ba."

A bayan labule aka ji faifai ya faɗi.

Baba Alhassan ya miƙe da ƙyar, ya dogara sandarsa. Fuskarsa ta yi duhu.

"Shekara sittin ban taɓa yanke magana a gidan ga ka tsallake ba. Yau saboda jikan Azna da naman daji za ka kunyata ni gaban baƙo? Ni na amshi kayan ga da hannuna, ni na sa albarka."

"Ban ce na ba ɗan mahalba ba, Yaya. Shi ma sai ya zo da tsohuwarshi na ji ta bakinsu. Amma wanda ya bi bayan ɗiyata wurin mai wankin hoto, ba ya zama surukina."

"To ka ji nawa." Baba Alhassan ya nuna kwalin da sanda. "In kwalin ga ya hita ƙohwar ga, ni ma na hita kenan. Ba suna, ba biki, ba jana'iza. Ka nemi wani wa."

Zulaiha ta dubi Baba Alhassan, ta dubi mahaifinta. Ba ta taɓa nufin abin ya kai nan ba. Ta buɗe baki za ta ce a bari, a ajiye kwalin zuwa gobe, sai mahaifinta ya ɗaga mata hannu.

Ya tura tasbahar cikin aljihu. Ya dafa ƙasa ya tashi. Ya taka ya isa inda kwalin yake, ya sunkuya, ya ɗaga shi da hannu biyu, nauyin ya ɗan rinjaye shi, ya gyara.

"Abdurrazak," ya ce, "buɗe min bayan motarka."